Gayyar da ba a dafa mata tuwo

A shekarar 1983 aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, cikin ƙasar Dutsin-Ma. Bango ne na ƙasa mai tsayin mita 19, tsawonsa ya kusa kilomita uku. An gina shi ne don ya tare ruwan da zai shayar da garuruwa har birnin Katsina, ya kuma jiƙa kimanin hekta 8,000 ta noman rani. Ruwa kam ya taru. Masunta sun samu wurin jefa koma, masu lambun bakin ruwa sun ja gwargwadon abin da injinsu zai iya ja, amma babban aikin da aka yi dam ɗin dominsa ya kwanta ya yi ta barci. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Dutsin-Ma ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Shekara 38 ke nan. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka gama bangon, ranar ƙaddamarwar ya riga ya kai nasa 'ya'yan makaranta.

Duk wanda ya tashi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san takaicin ganin arziki a kwance. Sai dai akwai wata dukiyar da ke kwance a ɗakunan matasan yankin, wadda ba kowa ke lura da ita ba. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta gama buga aikin da malami ya bayar, ta bar kwamfutarta ta tafi ɗora girki. Mai shagon buga takardu ya tafi sallar azahar, tasa na nan a kunne. Gidan da aka sa sola, kafin rana ta take tsaka batir ya cika, sauran hasken da ke zuba a kan farantan har la'asar ba shi da mazubi. Kai, ko a lokacin da mutum ke rubutu a kwamfuta, mafi yawan ƙarfin ƙwaƙwalwarta zaune yake yana jiran yatsa ya taɓa harafi na gaba. Ruwa in an tare shi yakan jira shekara da shekaru har a zo a ɗiba. Awar da kwamfuta ta yi ba aiki kuwa ba ta da madatsa, in ta wuce ta wuce.

Kimanin shekara 30 ke nan da wasu masana suka gano dabarar tattara waɗannan awoyi, kuma dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗan manomi.

Manomin da gonarsa ta fi ƙarfin hannun gidansa yakan kira gayya. A sa rana, samarin gari su fito kowa da fartanyarsa, a raba musu kunyoyi, makaɗi na zuga su, kafin azahar an gama noman da zai ci wa mai gona mako biyu. Mai binciken da lissafinsa ya fi ƙarfin kwamfutocin jami'arsa haka yake yi. Sai ya yanyanka lissafin gunduwa-gunduwa ya ajiye a babbar kwamfutar cibiyarsa. Duk wanda ya sa manhajar aikin a tasa na'urar, za ta ɗauko gunduwa ɗaya ta intanet, ta yi ta lissafi a lokacin da mai ita ba ya buƙatarta, in ta gama ta mayar da amsa ta karɓo wata. Da zarar mai kwamfuta ya dawo ya kama aikinsa, manhajar ta ja da baya ta ba shi wuri. Don gudun kuskure ko ha'inci, yawancin ayyukan kan aika gunduwa guda ga kwamfuta biyu ko fiye da ba su san juna ba, sai amsoshinsu sun zo ɗaya a karɓa. Abin da ya raba wannan da gayyar ƙauye shi ne babu tuwo, babu fura, babu ganga, kuma mai gona bai taɓa ganin fuskar waɗanda suka yi masa noma ba.

Masu lissafi ne suka fara kira. A 1996 George Woltman, wani mai rubuta manhaja a Amurka, ya gayyaci jama'a neman manyan lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da kansu ko da ɗaya, irin su 7 da 31 da 127. A watan Disambar 2018 kwamfutar wani ɗan sa-kai a jihar Fulorida, Patrick Laroche, ta samo wata mai alƙaluma sama da miliyan 24, wadda a lokacin ta fi duk waɗanda aka sani girma. Bakatsine ba zai yi mamakin a ce mutum ya ba da shekarunsa ga sirrin lambobi ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda duk layin da aka tara amsa ɗaya yake bayarwa, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi da alƙalami da tawada ya yi nasa.

Wanda ya sa abin ya shahara shi ne SETI@home, da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta buɗe a watan Mayun 1999. Wani katafaren faranti a Arecibo, cikin tsibirin Puerto Rico, yana sauraren sararin samaniya, ana raba abin da ya jiyo ga kwamfutocin gida don su tace ko akwai saƙon wasu halittu masu hankali a ciki. Sama da mutum miliyan biyar suka shiga. Daga wannan aikin ne David Anderson da abokan aikinsa suka fitar da manhajar BOINC a 2002, wadda ta zama kamar tasha: mutum ya sa ta sau ɗaya, ya zaɓi motar binciken da yake so ya hau. A 2010 kwamfutocin wasu mata da miji a jihar Iowa, Chris da Helen Colvin, da ta wani Bajamushe, Daniel Gebhardt, suka tono wani tauraro da ba a san da shi ba, cikin irin taurarin da suka mutu suka dunƙule suna juyawa suna aiko sigina. Aikin Einstein@Home suke taya wa, kuma babu masanin taurari a cikinsu.

Ƙarfin wannan gayya ya fito fili a shekarar korona. Jikin ɗan Adam, da na ƙwayoyin cuta, cike yake da sinadaran da ake kira furotin. Kowane furotin kamar dogon carbi ne da ke naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, kuma siffar ce ke sa ya yi aikinsa. Mai neman magani yana neman wani ɗan lungu ne a jikin furotin ɗin cuta, inda zai cusa abin da zai toshe shi. Kwaikwayon motsin furotin guda na ƙiftawar ido yana cin lissafi mai ban tsoro, shi ya sa Vijay Pande ya buɗe Folding@home a Jami'ar Stanford a shekarar 2000. Da aka kulle mutane a gida a watan Maris na 2020, dubban ɗaruruwa suka sa manhajar. Kafin watan ya ƙare, gayyar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, matakin da babu wata kwamfuta guda a duniya da ta taɓa kaiwa a lokacin. A watan Afrilu ƙarfinta ya zarce na manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya in an haɗa su wuri ɗaya. Shi ma David Baker na Jami'ar Washington, wanda ya samu rabon kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, ya daɗe yana cin moriyar kwamfutocin 'yan sa-kai ta hanyar Rosetta@home da ya buɗe a 2005.

Matashin da ke zaune a bakin Zobe yana da hakkin ya ce, to ina ruwan gero da taurari? Akwai ayyuka biyu da suka zo har ƙofar gidansa.

Na farko zazzaɓin cizon sauro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duk duniya a Najeriya suke, kuma mutanen bakin ruwa ba sa buƙatar rahoto kafin su san watan da yara ke kwanciya. Hukumar da ke da kuɗi kaɗan dole ta zaɓa: gidan sauro za ta raba, ko feshi za ta yi, ko maganin rigakafin damina za ta ba yara gida-gida, ko kuwa ta haɗa biyu? Ba a gwada irin wannan a kan rayukan mutane a jira shekara goma a ga sakamako. Sai masana a Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan suka gina ƙauyuka na lissafi a cikin kwamfuta, kowanne da jama'arsa da saurayensa da daminarsa, suna gwada kowace dabara sau dubbai. A 2005 cibiyar CERN ta Geneva da wasu ƙungiyoyi suka kafa shirin Africa@home, wanda ya mayar da wannan lissafi gayya da sunan malariacontrol.net. Aikin da zai ci wa kwamfuta ɗaya shekaru masu yawa sai ya koma na watanni. A cikin waɗanda suka zauna suka haɗa wannan tsari akwai matasa daga Mali da Kamaru. An rufe gayyar a 2016, amma manhajar lissafin, OpenMalaria, tana nan masana na aiki da ita.

Na biyu ruwan sama ne. Kowane manomi a ƙasar Kurfi ya san hadari kan haɗo ya zubar a gonar wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, har a yi shuka a nan, can kuwa ana kallon sama. Hasashen yanayi na duniya yana kallon ƙasa ne a manyan yankuna, irin wannan ruwa mai zaɓen gona kuwa yakan zille masa, ga shi tashoshin auna ruwa sun yi ƙaranci a Afirka ta kudu da Sahara. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, yana kuma da amfani, amma tambayar mai iri a hannu ta fi haka ƙanƙanta: wannan ruwan na shuka ne, ko na yaudara ne da fari zai biyo bayansa? A watan Oktoban 2019 masana a Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan, ƙarƙashin Farfesa Nick van de Giesen, suka buɗe Africa Rainfall Project a dandalin World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004 kafin ya miƙa shi ga cibiyar Krembil ta Toronto. Sun yanka taswirar nahiyar ƙanana-ƙanana, kowace kwamfutar ɗan sa-kai ta ɗauki yanki guda ta kwaikwayi yanayinsa na kwana biyu, sannan a gwada abin da ta samu da na tauraron ɗan Adam da na tashoshin ƙasa. Manufar ita ce a gane yadda irin wannan hadari ke haɗuwa, don wata rana hasashe ya iya magana da manomi a kan gonarsa.

To, ga gayya ga gona. Amma nasiha ba ta cika sai an faɗi inda ƙaya take, domin yawancin waɗanda suka tsara waɗannan ayyuka suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna shi da cokali.

Abu na farko wuta ce. Kwamfutar da ke lissafi ta fi wadda ke zaune shan wuta, saboda haka kyautar ba ta iska ba ce, akwai mai biya. Laftof da ke jan wat 40, in ta yi awa biyar tana aiki, ta sha kashi ɗaya cikin biyar na yunit guda. Babbar kwamfutar tebur irin ta masu wasanni tana iya ninka wannan sau biyar ko fiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya tayar da janareto don ya taya Turawa lissafi ya yi ɓarna, kuma mahaifinsa na da gaskiya in ya yi masa faɗa. Haka wanda ya zuƙe batirin gida da dare har fankar tsohuwa ta tsaya. Rarar da ta halatta a bayar ita ce wadda in ba a bayar ba asara za ta bi: hasken rana tsakanin hantsi da la'asar, bayan batir ya cika, firij da famfo sun samu rabonsu. A nan ƙasar Katsina ta fi Holan da Suwizalan arziki nesa ba kusa ba. Manhajar BOINC na da wurin da ake sa mata awoyin aiki, da wurin da ake hana ta motsi in kwamfuta ta koma kan batirinta. Matashi ya saita waɗannan tun ranar farko.

Na biyu zafi ne. A watannin bazara, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40 a inuwa, kwamfutar da aka sake wa linzami za ta yi zafin da zai gajarta ran batirinta. A ba ta rabin ƙarfinta kawai, a ɗora ta kan benci ko tebur inda iska ke shiga ta ƙasa, kada a bar ta kan katifa ko darduma. Bayan hunturu a kai ta wurin mai gyara ya busa ƙurar da ta toshe fankarta. Waya ma tana iya shiga gayya, domin tun 2013 akwai BOINC ta Android, kuma an tsara ta ne ta yi aiki in waya na kan caji, batir ya kusa cika, bai kuma yi zafi ba. Duk da haka, wanda wayarsa ɗaya ce, da ita yake karatu da ita yake sana'a, ya bar ta ta huta. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da buhunan masara suka saya masa laftof, amanar farko da ke wuyansa ita ce laftof ɗin ta kai shi ƙarshen digiri.

Na uku data ce. Ayyukan sun bambanta: na neman lambobi ɗan abu kaɗan suke saukewa su yi kwanaki suna tauna shi, na hasashen yanayi kuwa fayilolinsu masu nauyi ne, hawa da sauka. Mai sayen data da kuɗin aljihu ya duba wannan kafin ya zaɓa, ya kuma sa wa manhajar iyakar abin da za ta ci.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, izini ne. Ɗakin kwamfuta na makaranta abin sha'awa ne ga mai wannan tunani. Cibiyar jarrabawar JAMB guda tana da kwamfuta aƙalla 250, kuma mafi yawan shekara a rufe suke. Amma ba a sadaka da akuyar maƙwabci. Wani ma'aikacin kwaleji a jihar Jojiya ta Amurka ya sa irin wannan manhaja a kwamfutocin makarantarsu ba tare da izini a rubuce ba. Niyyarsa ba ta sata ba ce, amma ya rasa aikinsa, ya fuskanci tuhumar da ke iya kai shi kurkuku, sai a 2002 aka sasanta a kan biyan dala 2,100 da aikin al'umma na awa 80. Wanda ya ga kwamfutocin ofis ko na makaranta a kwance, ya rubuta takarda, ya yi lissafin wutar da za su sha, ya kai wa mai hakki. In an ce a'a, magana ta ƙare.

Sai batun kuɗi, wanda gara a faɗe shi ƙarara. Matasan Arewa sun san wani abu mai kama da wannan a fuska, wato mayinin na kuɗin kirifto. An ga yadda a 2024 samari da 'yan mata suka yi watanni suna dannan fuskar waya a Hamster Kombat, da yadda da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datarsu ba. Ayyukan binciken da ake magana a kansu ba sa biyan ko sisi. Abin da suke bayarwa maki ne, wanda ke nuna yawan lissafin da na'urar mutum ta yi, kuma ba ya sayen ko ƙullin gishiri. Duk wanda ya turo wata manhaja a WhatsApp ya ce ta binciken kimiyya ce kuma tana biyan dala, a guje shi, domin da irin wannan ake cusa wa mutane manhajar da ke satar ƙarfin na'urarsu ko lambobin asusunsu. A sauke BOINC daga shafin Jami'ar Berkeley, Folding@home daga nata shafin, a kuma tsaya ga ayyukan da aka san jami'ar da ke bayansu da inda suke wallafa sakamakonsu.

Ya kamata kuma matashi ya shiga da sanin cewa ba kowace gona ke yin amfani ba. SETI@home ta yi kusan shekara 21 tana saurare, ta daina raba aiki a ƙarshen Maris na 2020 ba tare da ta jiyo kowa ba, farantin Arecibo ma ya rufta a watan Disambar shekarar. Ayyuka kan buɗe, su tsaya na watanni, wasu su rufe. Mafi yawan gunduwoyin da kwamfutar mutum za ta tauna, amsarsu ita ce babu komai a nan. A kimiyya wannan ma amsa ce, kamar yadda mai haƙar rijiya ke amfana da sanin inda wasu suka haƙa suka tarar da dutse. Wanda ya shiga don a kira sunansa a rediyo zai gaji cikin mako biyu. Malamai sun karantar da cewa ilimin da ake amfana da shi na cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa, kuma da irin wannan niyya ce ake daɗewa a aikin da babu mai gani.

Wanda ba shi da kwamfuta fa? Gayyar kimiyya ba ta na'ura kaɗai ba ce, akwai ta ido da ta kunne. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, 'yan sa-kai na shiga suna rubuta duk tsuntsun da suka gani a manhajar waya, kuma akwai ƙungiyar matasan Arewa da ke wannan aiki. Ɗan masunci a Zobe da ya san zalɓe da balbela da kirinjijiya tun yana goye, wanda kakarsa ta koya masa cewa zuwan shamuwa albishir ne na damina, ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema. Abin da ya rage shi ne ya koyi sunayensu na littafi, ya kuma tsaya inda hanya ke da aminci, kada son tsuntsu ya kai shi dajin da manya suka hana shiga. Mai murya kuma yana iya karanta jimlolin Hausa a Common Voice na Mozilla, inda ake tara muryoyi kyauta don na'urori su koyi jin harsuna.

Akwai wani amfani da ke komawa ga mai bayarwa, kuma ga ɗalibi shi ne ya fi girma. Yaron da ke bin gayya tun yana ƙarami, a nan yake koyon riƙon fartanya. Wanda ya sa BOINC ya zauna ya karanta abin da kwamfutarsa ke yi zai fara tambayar mece ce furotin, yaya ake mayar da hadari lissafi, me ya sa ake aika aiki guda ga na'ura biyu. Kowane aiki na da shafin da masu binciken ke bayyana abin da suka samu, da takardun da suka wallafa. Karanta ɗaya daga ciki da ƙamus a gefe ya fi wata guda na kallon maki na hawa. Abokai biyar a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, suna iya buɗe ƙungiya da sunan garinsu a cikin manhajar, su riƙa haɗuwa duk mako wani ya yi wa saura bayanin abin da ya fahimta.

Daga nan sai mataki na gaba, wanda matasan Mali da Kamaru suka taka a 2005. Su ba aron kwamfuta suka bayar ba, zama suka yi a inda ake raba aikin suka koyi yadda ake kiran gayyar. BOINC manhaja ce da aka saki kyauta har da asalin rubutunta, kowace jami'a na iya kafa nata aikin a kai. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da masu karatun kwamfuta da na aikin gona da na labarin ƙasa a harabar guda, ga kuma dam a bayan gari cike da tambayoyin da babu wanda zai zo daga Delft ya yi musu. Yashi da laka nawa kogin Karaduwa ke zubawa a cikin tafkin kowace damina, kuma shekara nawa suka rage kafin su ci wani babban kaso na cikinsa? In an faɗaɗa noman rani, yaya za a raba ruwa tsakanin famfon birni da tumatir da alkama a shekarar da damina ta gaza? Hanyoyin ruwan da za a haƙa, wane ƙari za su yi wa sauro a ƙauyukan da ke gefensu, kuma a wane wata?

Kowace cikin waɗannan tambayoyi lissafi ce, lissafin kuma ba ya tashi sai da alƙaluman da aka auna a wurin. Ma'aunin ruwan sama ba ya buƙatar wuta ko data: mazubi ne mai baki daidai, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a duba shi kowace safiya a lokaci guda, a rubuta milimita nawa ya tara, a zubar. Ɗalibi ɗaya a Kurfi, ɗaya a Dutsin-Ma, ɗaya a wani ƙauyen bakin dam, in suka riƙe littafinsu daga ruwan farko na Mayu ko Yuni har zuwa kaka, za su fito da shafukan da ke nuna ranar da hadari ya zaɓi wani gari ya bar wani. Irin waɗannan shafuka ne masu kwaikwayon yanayi ke nema don su gane ko lissafinsu ya faɗi daidai, kuma su ne malamin jami'a zai fara tambaya ranar da ɗalibi ya shigo ofishinsa ya ce yana son ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan ruwan Zobe.